Hausawan Bahia da Sauran Jikokin Afirka a Latin Amurka



Da za a tare ɗan makaranta a Kano ko Maraɗi a tambaye shi ina aka kai bayin da Turawa suka kwasa daga Afirka, ba zai yi wata-wata ba zai ce Amurka. Ba kuwa za a ga laifinsa ba, don fina-finan da ya kalla na can ne, sunayen da ya tashi yana ji, irin su Muhammad Ali da Malcolm X da Martin Luther King, duk mutanen can ne. To amma lissafin masana tarihi ya sha bamban da wannan. A cikin shekaru sama da 300 da aka shafe ana fataucin mutane ta tekun Atlantika, an ɗora kimanin mutum miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa. Waɗanda suka sauka da ransu ba su cika miliyan 11 ba, sauran a hanya suka mutu aka jefa su ruwa. Waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da muke kira Amurka a yau ba su kai 400,000 ba. Barazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5. Ragowar aka watsa su a tsibiran Karibiyan, da Meziko, da Kolombiya, da Benezuwela, da Peru, har can ƙasa Ajantina da Yurugwai.

Jikokin waɗannan bayin Allah, masu magana da harshen Fotugal da na Sifaniya, su ne zancenmu na yau. Wani rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Latin Amurka yana danganta kansa da Afirka, wato wajen mutum miliyan 133. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa, kuma zan daɗe a kansa in mun je wurin, shi ne akwai Hausawa a cikin kakanninsu, kuma ba su yi zaman shiru a can ba.

Rake ne ya fara jawo bala'in. Tun cikin ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka kafa gonakin rake a Pernambuco da Bahia, a arewa maso gabashin Barazil. Aikin sukari aiki ne mai cin rai. A sare rake da rana, a kwana ana matsewa ana dafawa, don in ya jima a yanke sai ya lalace. Masu gonaki suka buga lissafinsu suka ga sayen sabon bawa daga jirgi ya fi musu arha a kan renon ɗan da baiwa ta haifa har ya isa aiki, shi ya sa jiragen ba su daina zuwa ba. A ƙarshen ƙarni na 17 aka gano zinariya a yankin Minas Gerais, sai kasuwa ta koma kan mutanen Afirka ta Yamma da ake jin sun san wankin zinariya. Bayan zinariya kuma sai kofi. Dukiyar ta tafi Lisbon, da yawanta ta zarce Landan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A lura kuma, ba ƙarfin damtse kaɗai aka saya ba. A cikin waɗanda aka sauke akwai maƙera da masaƙa da makiyaya da manoman shinkafa da ungozomai. Iliminsu aka ɗora waɗannan ƙasashe a kai, sai dai ba a rubuta sunansu a jikin aikin ba.

Tun ranar farko kuwa akwai masu gudu. A tsaunukan da ke jihar Alagoas ta yau, gudajjun bayi suka kafa ƙasarsu mai suna Palmares, da garuruwa da gonaki da sarki, ta yi kusan shekara ɗari tana kore rundunonin Fotugal da na Holan. Sai a 1694 aka ci babban garinta, aka kashe jagoranta Zumbi ranar 20 ga Nuwamba 1695, aka kafe kansa a dandalin birnin Recife don a tsorata saura. Wannan rana ita ce a yau ranar tunawa da baƙar fata a Barazil. A Meziko, Gaspar Yanga ya riƙe tsaunukan Veracruz shekara da shekaru har Sifaniyawa suka gaji suka yi sulhu da shi, garin da ya kafa har yanzu sunansa yake amsawa. A Kolombiya akwai Benkos Biohó, wanda gwamnan Cartagena ya yi sulhu da shi sannan ya ci amanarsa ya rataye shi a 1621. Mutanen San Basilio de Palenque, masu ɗaukarsa a matsayin kakansu, har gobe suna da harshensu na kansu wanda kalmomin ƙasar Kwango suke ciki.

Yanzu bari mu zo kan namu.

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'arsa da Gobir, daga nan ya bazu ko'ina a ƙasar Hausa. Yaƙi kuwa kamammu yake haifarwa, ta kowane ɓangare. Malaman jihadi sun yi hani da bautar da ɗa Musulmi, balle a sayar da shi ga Nasara, yana ma cikin laifuffukan da suka ɗora wa sarakunan da suka yaƙa. Amma hani daban, kasuwa daban. Wanda aka kama a Gobir ko Katsina ko Zazzau, sai a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, ta Nupe, ta ƙasar Oyo, har bakin teku a Legas ko Badagry ko Porto-Novo ko Ouidah. A can jiragen Bahia suna jira da taba. Taba ce ta ƙarshen daraja, wadda doka ta hana a kai Lisbon, sai a shafe ta da ruwan rake mai kauri a nannaɗe, kuma ita dillalan bakin teku suka fi so. Da irin wannan taba aka musanya 'ya'yan mutane. Na san maganar ba ta da daɗin ji, amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A wancan zamani Bature bai taka Kano ya kama kowa ba. Hannun baƙar fata ne ya kai masa har bakin jirgi, kuma duk sharhin da ya tsallake wannan bai yi wa waɗanda aka sayar adalci ba.

Su wane ne aka sauke a Salvador, babban birnin Bahia? Galibinsu samari ne majiya ƙarfi, da yawansu a fagen daga aka kama su, sun san kwari da baka, sun san takobi, wasu kuma almajirai ne da suka sauke ko suka yi nisa a karatu. Masu gonakin rake sun sayi mayaƙa ba su sani ba.

Ba a jima ba suka gane. A watan Mayu na 1807 gwamnan Bahia ya bankaɗo wani shiri da Hausawa suka ƙulla, da wakili a kowace unguwa, aka kama kwari da bakuna a gidan da suke taruwa. A farkon 1809 ɗaruruwan bayi, mafi yawansu Hausawa, suka fice daga birni da gonaki suka auka wa garin Nazaré. A watan Fabrairu na 1814 wasu sama da 200 suka ƙone sansanonin masunta a Itapuã, arewa da Salvador, suka nufi yankin gonakin rake kafin sojan doki su tare su a bakin kogi. Takardun shari'ar sun ce jagoransu wani malami ne da masu shi suka raɗa wa suna João. Masanin tarihin nan ɗan Bahia, João José Reis, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan waɗannan takardu, ya nuna cewa daga 1807 zuwa wajen 1820 Hausawa ne kan gaba a kusan kowane bore da aka yi a yankin. Daga baya, da daular Oyo ta soma rushewa, sai Yarbawa suka yi ta kwarara Bahia har suka fi kowa yawa, jagoranci ya koma hannunsu.

Zaman bauta a cikin birnin Salvador ya ɗan bambanta da na gona. Bawa yakan fita da safe ya yi dako, ko aski, ko ɗinki, ko ɗaukar masu kuɗi a kujerar kafaɗa, ya kawo wa ubangijinsa wani ƙayyadadden kuɗi, abin da ya ragu nasa ne. Wannan shi ne murgu, kamar yadda aka san shi a ƙasar Hausa. Da ragowar wasu suka yi adashi suka fanshi kansu. Wannan 'yar sararawa ce ta ba su damar haɗuwa a ɗakunan haya da bayan shaguna, su yi salla, su yanka rago, su koya wa juna karatu a allo. Akwai wani Bahaushe da ya fanshi kansa, ana kiransa Dandará, yana da shagon taba a kasuwa, a nan yake karantarwa. Akwai Luís Sanim, dattijo Banufe mai jin Hausa da Yarbanci, wanda ya kafa asusun taimakon juna. Akwai kuma Pacífico Licutan, tsohon malami Bayarabe da jama'a ke girmamawa ƙwarai, wanda aka tsare a kurkuku ba don ya yi laifin komai ba, sai don ubangijinsa ya ci bashi, za a yi gwanjonsa a biya.

Suka tsayar da rana: asubahin Lahadi 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan Ramadan, ranar da Kiristocin birnin suke shagalin wani bikinsu. Amma zance ya fita tun daren Asabar. Wajen ƙarfe ɗaya na dare jami'an sintiri suka dira wani gida inda kimanin mutum 60 suke jiran lokaci, su kuwa suka fito da takubba, sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Suka nufi kurkuku don su fito da Licutan, ba su samu sa'a ba. Suka bi titunan birnin suna kiran 'yan'uwansu, har suka kai wajen mutum 600. A unguwar Água de Meninos, gaban barikin sojan doki, nan aka yi karon ƙarshe, takobi da bindiga. Kafin gari ya waye an kashe musu sama da mutum 70, wasu a cikin teku suka nutse. Wannan shi ne boren da Barazil ke kira na Malê, sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a can.

Abin da ya biyo baya ya fi daren muni. Aka bi gida gida ana bincike, duk wanda aka samu da takarda mai rubutun Larabci ya shiga uku. Abin da ya fi ruɗa hukuma shi ne a ce bayi suna rubutu da karatu, alhali da yawa daga masu su ko sunansu ba su iya rubutawa. Sai da suka nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta musu takardun. Ayoyi ne da addu'o'i, irin waɗanda kowane almajiri ya sani. Aka yanke wa wasu hukuncin kisa, aka rasa wanda zai yarda ya yi aikin hauni, sai aka harbe mutum huɗu ranar 14 ga Mayu. Shi kuwa tsoho Licutan, da alƙali ya tambayi sunansa sai ya ce Bilal. Bulala 1,000 aka yanke masa, hamsin hamsin ake yi, in jiki ya ɗan warke a ci gaba.

Ɗaruruwan waɗanda suka riga suka fanshi kansu aka kore su zuwa Afirka, wasu da yawa kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu suka biyo baya a shekarun da suka biyo. Su ne Aguda na Legas da Porto-Novo da Ouidah, su ne Tabom na unguwar Jamestown a Akra. Sun dawo da sana'ar gini da kafinta da ɗinki. Duk wanda ya ga masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a Legas a 1894, ko babban masallacin Porto-Novo mai fasalin cocin Bahia, ya ga aikin hannunsu.

Akwai mutum guda da ya kamata kowane Bahaushe ya san sunansa: Mahommah Gardo Baquaqua. A Djougou aka haife shi, a arewacin Benin ta yau, garin da fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. Aka kama shi aka kai shi Pernambuco wajen 1845. Ya yi bauta a hannun mai gidan burodi, aka sake sayar da shi ga wani matuƙin jirgin ruwa a Rio de Janeiro. A 1847 jirgin ya kai kofi New York, ya samu ya tsere, ya zauna a Haiti, ya yi karatu a Amurka, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit. Cikin miliyoyin da aka kai Barazil daga Afirka, labarinsa ne aka fi sani da ya fito daga bakin mai shi a matsayin littafi. Haka kuma wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa a ƙarshen shekarun 1840 yana yi musu tambayoyi, suka ba shi labarin Kano da Katsina da Zariya da Borno, da hanyoyin da aka biyo da su zango zango, ya buga a 1851. Tun Bature matafiyin nan Barth bai gama zagayensa a ƙasar Hausa da Borno ba, Turai ta riga ta ji bayanin ƙasar Hausa daga bakin bayin Bahia.

To ina Hausar ta tafi? Me ya sa addinin gargajiyar Yarbawa ya rayu a Bahia da Kuba har yau, da waƙoƙinsa da sunayen gumakansa, amma Hausa ta ɓace? Babban dalili shi ne kusan duk Hausawan da aka tsallaka da su maza ne. Matan da aka kama a yaƙe-yaƙen nan a gida aka riƙe su, ko aka bi da su Sahara. Namijin da ya samu ya yi aure a can, matar wata ƙabila ya aura, 'ya'ya kuma harshen uwa suke tashi da shi. Ga kuma matsin da ya biyo bayan 1835, wanda ya mayar da salla abin ɓoyo. Wani malami ɗan Bagadaza, Abdurrahman al-Baghdadi, da jirgin daular Usmaniyya ya kai shi Rio a tsakiyar shekarun 1860, ya tarar da Musulmi baƙaƙe suna ibada a asirce, 'ya'yansu kuma suna sulalewa zuwa coci. Zuwa farkon ƙarni na 20 tsofaffin ƙalilan suka rage, wani likita mai suna Nina Rodrigues ya rubuta kalmomin Hausa daga bakinsu kafin su ƙare. Abin da ya saura a fili shi ne tukunya. Har yau a gidajen abincin Bahia ana sayar da wani abinci da ake kira shinkafar Hausa, shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi kamar tuwo, a zuba mata soyayyen busasshen nama. Ƙosai ma yana nan a bakin titi, mata masu fararen kaya suna soya shi da manja.

Mu ɗaga kai daga Bahia mu dubi nahiyar baki ɗaya. A shekarar da Shehu ya yi hijira, a ranar 1 ga Janairu 1804, bayin da suka kori sojojin Napoleon suka kafa ƙasar Haiti. Lokacin da Simón Bolívar, wanda ake kira mai 'yanto Kudancin Amurka, ya sha kashi ya rasa mafaka, Haiti ce ta karɓe shi. Shugabanta Alexandre Pétion ya ba shi bindigogi da albarushi da injin buga takardu a 1816, sharaɗinsa guda ne: duk ƙasar da ka 'yanta, ka 'yanta bayinta. Bolívar ya yi shela, amma bautar ba ta ƙare a Kolombiya ba sai 1852, a Benezuwela da Peru sai 1854, shekaru sama da ashirin bayan mutuwarsa. Da ya kira taron sababbin ƙasashe a Panama a 1826, ba a gayyaci Haiti ba. Faransa kuwa a 1825 ta ɗora wa Haiti biyan faran miliyan 150, wai diyyar masu bayin da suka yi asara, bashin da ya karya ƙasar tun tana jaririya.

Baƙaƙen sojoji ne suka cika rundunonin 'yanci. Su ne kaso mai yawa na dakarun ƙasa da jagoran yaƙin 'yanci San Martín ya tsallaka tsaunukan Andes da su a 1817. José Prudencio Padilla, wanda ya ragargaza jiragen yaƙin Sifaniya a tafkin Maracaibo a 1823, an harbe shi a Bogotá a 1828 bisa zargin cin amana, a ƙarƙashin mulkin Bolívar ɗin. Vicente Guerrero, mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasa, ya zama shugaban Meziko a 1829, ya soke bauta a shekarar, kafin shekara biyu an hamɓarar da shi an harbe. María Remedios del Valle ta bi rundunar Ajantina, ta rasa miji da 'ya'ya a yaƙi, ta sha harbi da bulala, daga baya aka same ta tana bara a titunan Buenos Aires. Sai a 2024 hotonta ya hau takardar kuɗin ƙasar. A Kuba, Janar Antonio Maceo ya ƙi sa hannu a sulhun da aka yi da Sifaniya a 1878 saboda babu 'yancin ƙasa babu 'yanta bayi a ciki, ya mutu a fagen daga a 1896. Shekara 16 bayan nan, a 1912, da baƙaƙen tsofaffin sojojin da suka kafa jam'iyya suka tashi neman haƙƙinsu, sojan jamhuriyar da suka kafa da jininsu suka karkashe dubbansu. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Barazil ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayu 1888, shekara biyu bayan Kuba. Dokar layi biyu ce. Babu gona, babu makaranta, babu ko sisin sallama. Maimakon haka sai gwamnati ta buɗe ƙofa ga miliyoyin Turawa daga Italiya da Fotugal da Sifaniya da Jamus, har ana biya wa wasu kuɗin jirgi, wata doka ta 1890 kuma ta toshe shigowar mutanen Afirka. Manufar ba a ɓoye take ba: a yi ta gauraya har baƙi ya narke. A 1911 wakilin Barazil a wani taro a Landan, João Batista de Lacerda, ya yi hasashen cewa cikin shekara ɗari baƙar fata za ta ɓace daga ƙasarsa. Ƙidayar 2022 ta ba shi amsa: waɗanda suka kira kansu baƙaƙe da waɗanda suka kira kansu ruwa biyu, in an haɗa, sun haura kashi 55 cikin ɗari na mutum miliyan 203. A Ajantina, inda baƙaƙe suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Buenos Aires a ƙarshen ƙarni na 18, daga baya sai aka daina ƙirga su, aka koya wa yara cewa babu su. Meziko ba ta yi tambayar a cikakkiyar ƙidaya ba sai 2020, sai ga mutum miliyan biyu da rabi sun amsa.

A ganina wannan salon shafewa ya fi na Amurka wuyar yaƙa. A Amurka an rubuta wariya a doka, an kafa allo a ƙofa, kowa ya san abin da zai tunkara. A Latin Amurka cewa aka yi ai mu duk ɗaya ne, babu fari babu baƙi, wanda ya yi ƙorafi shi ne mai raba kan jama'a. Amma a leƙa majalisa da kotu da jami'a, sannan a leƙa kurkuku da unguwannin kan tudu na Rio. Ƙididdigar Barazil ta nuna cewa kusan takwas cikin kowane goma da 'yan sanda ke kashewa baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Marielle Franco, 'yar majalisar birnin Rio da ta tashi a irin waɗannan unguwanni kuma take magana a kan wannan kisa, an bindige ta a motarta ranar 14 ga Maris 2018.

In aka zo maganar gudummawa, an saba a tsaya a kan ƙwallo da kiɗa. Ba na raina su. Pelé ya ɗauki kofin duniya sau uku, kuma tun kafin shi José Leandro Andrade ya ɗauka da Yurugwai a 1930. Samba da rumba da kumbiya duk daga gangunan bayi suka fito, kuma kiɗan ya yi wata tafiya mai ban mamaki: fayafayan Kuba da aka riƙa sayarwa a Kinshasa da Dakar tun shekarun 1940 su ne mawaƙa irin su Joseph Kabasele da Franco suka saurara suka ji kamar na gida, suka gina kiɗan Kwango da ya mamaye Afirka. Amma tsayawa a nan rage musu daraja ne. Machado de Assis, wanda Barazil ke ɗauka babban marubucinta, shugaban farko na cibiyar adabin ƙasar, jikan 'yantattun bayi ne, ko da yake da ya rasu a 1908 takardar mutuwarsa cewa ta yi fari ne. André Rebouças injiniya ne da ya yi aikin tashoshin jiragen ruwan Rio, ya kuma dage cewa 'yanci ba tare da rabon gona ba rabin 'yanci ne. Arturo Schomburg, ɗan Puerto Rico, ya tara dubban littattafai da takardu kan tarihin baƙar fata, su ne tushen shahararriyar cibiyar bincike da ke Harlem mai ɗauke da sunansa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Luiz Gama. A Salvador aka haife shi a 1830, ɗa ne ba bawa ba, mahaifiyarsa 'yar Afirka ce, kuma ya rubuta cewa an sha kama ta bisa zargin hannu a shirin boren bayi. Yana ɗan shekara 10 mahaifinsa, wani farar fata da caca ta cinye, ya sayar da shi. Da aka kai shi São Paulo masu saye suka riƙa gudunsa don an ce daga Bahia yake, bayin Bahia kuwa sun yi suna da tawaye. Sai yana ɗan shekara 17 ya koyi karatu. Ya samo hujjar cewa shi ɗa ne, ya koyi shari'a da kansa, ya tono wata doka ta 1831 da ta haramta shigo da bayi wadda aka yi biris da ita, ya riƙa shiga kotu da ita. Ya 'yanto mutum sama da 500 kafin rasuwarsa a 1882, shekara shida kafin a soke bautar.

Akwai ci gaba, ba za a ƙi faɗa ba. Kolombiya ta yi doka a 1993 da ta amince wa baƙaƙen gaɓar tekun Pasifik mallakar ƙasarsu a jam'iyyance, a 2022 kuma Francia Márquez, wadda ta yi aikatau ta kuma yi gwagwarmaya da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa. Barazil ta ware gurabe a jami'o'in tarayya tun 2012, fuskar azuzuwa ta sauya. Ba kyauta aka ba su ba. Cikin waɗanda suka yi wannan faɗa akwai Abdias do Nascimento, wanda ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙaƙe a Rio a 1944, ya yi gudun hijira lokacin mulkin soja, ya koyar a jami'ar Ife. Da aka zo bikin FESTAC a Legas a 1977, wannan biki da aka yi hawan dabarsa a Kaduna, ya rubuta takarda yana tona asirin wariyar da ake ɓoyewa a ƙasarsa. Gwamnatin sojan Barazil ba ta so ba, aka ƙi karɓar takardar a zauren taro, sai ya riƙa raba ta hannu da hannu, daga baya aka buga ta littafi a Ibadan. A ƙasar Afirka aka nemi a rufe masa baki, wannan ma yana cikin tarihin. Cikin abubuwan da ya daɗe yana nema har da koyar da tarihin Afirka a makarantun Barazil, ya kuwa ga hakan da idonsa, don an mayar da shi doka a 2003, shi kuma ya rasu a 2011.

Ke nan yaro a Salvador doka ta ce a koya masa tarihin nahiyarmu. Mu ma muna da abin yi, kuma ba mai wuya ba ne. Takardun da aka ƙwace a 1835 suna nan ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahia, an rubuta su da irin rubutun da ake koya a tsangayunmu. Muna da malamai a Jami'ar Bayero, da Arewa House a Kaduna, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, waɗanda in suka ga hannun mai rubutu za su iya gane makarantar da ya fito. A tura su su zauna da takwarorinsu na Bahia. A juya tarihin Baquaqua zuwa Hausa, haka ma hirarrakin Castelnau, a sa su a manhajar sakandare kusa da darasin jihadi, don wanda ya karanta yaƙin Tabkin Kwatto ya san inda wasu daga cikin kamammun waɗannan yaƙe-yaƙe suka ƙare.